Robobin Tsohon Lambu

Yammacin ranar ya fara kamar kowane yammaci. Rana ta yi ja ta zame bayan katanga, tsakar gida ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mama tana kwashe shanya. Kaka tana zaune a kan tabarmarta da carbi a hannu, baki yana zikiri, ido yana kan kowa. Maigidan, wanda duk unguwa ke kira Mai-furanni, bai dawo ba tukuna daga bakin titi, inda yake jera shuke-shukensa na sayarwa.

Shi Mai-furanni bai taɓa sayen sabuwar robar shuka ba. Abin da wasu suka yar, shi yake tsinta. Masu hali su sayi fure, su dasa a ƙasa, su wurga baƙar robar a shara, shi kuma ya bi ya kwaso. A gida a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a goge da buroshi, a zuba musu tafasasshen ruwa, don tsohuwar roba takan zo da cutar saiwa ta kashe sabon tsiro. Wadda hudar gindinta ta toshe, a gasa ƙusa a wuta a sake huda ta. Wadda ta fashe ko ta lanƙwashe, a jefa a buhu, mai sayen tsofaffin robobi ya zo da kurarsa ya kai inda ake niƙa su. Da wannan sana'a aka ci aka sha, da ita aka yi wa yara makaranta har manyan suka kama gabansu. Saura Auta kaɗai a gida, budurwa mai yawan dariya, wadda wankin robobin ya dawo hannunta.

A makon nan Mai-furanni ya dace. An sayar da wani tsohon lambu a bayan gari za a yi gini, an sare itatuwansa har da wata ƙatuwar bishiya da ta girmi duk wanda ke raye. A gindin kututturenta ya tarar da tarin robobi a kife, an cusa wata cikin wata, babu mai so. Ya yi ta jido yana murna, har suka cinye rabin tsakar gida.

"Ƙawata," in ji Kaka, "har yanzu wankin tukwanen da ba a girki a cikinsu kike yi? Ranar da mijinki ya ce yana jin yunwa, sai ki zuba masa ƙasa da taki."

"In ya ci ya yi tsiro ai na huta," in ji Auta. "Sai Baba ya kai shi bakin titi ya sayar."

Kaka ta yi dariya har tari ya kama ta.

Mama ta dubi sama. Hasken ya fara dusashewa, tsuntsaye sun yi shiru. "Auta, bar aikin nan sai da safe. Magariba ta kawo kai."

"Mama, ruwan ya riga ya tafasa. In na bar shi ya huce an yi asarar wuta."

Ƙa'idar ubanta ita ce a raba kowace roba da 'yar'uwarta, a bubbuga ta a ƙasa, a leƙa ciki, sannan a zuba ruwa. Saboda kunama yake yin haka, bai taɓa kawo wani abu a ransa ba. Ran nan Auta tana sauri. Ta jawo jeri guda yadda aka kawo shi, ta tsayar a cikin baho, ta ɗaga tukunya ta kwarara daga sama.

Wata 'yar ƙara ta fito, siririya, gajera, kamar ta jaririyar kyanwa da aka taka. Ba ta sake fitowa ba.

Carbin Kaka ya tsaya a hannunta.

"Me ke nan?" in ji Mama.

"Roba ce," in ji Auta. "In ta ji zafi takan yi haka."

Da tururin ya lafa, Mama ta zo tana taya ta rabawa. A tsakiyar jerin akwai wata 'yar ƙarama da zafi ya murɗe wa baki. Da Mama ta ɗaga ta, sai ta ji ta fi nauyin robar da babu komai a ciki. Ta leƙa, ba ta ga komai ba. Ba ta san dalili ba, ta yi saurin jefa ta a buhu ta goge hannu a zani. Da gari ya waye mai kura ya zo ya tafi da buhun.

Da magaribar da ta biyo baya aka fara jifa. Abu ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi, wani ya biyo shi. Mai-furanni ya fita da sanda yana zagin yaran unguwa, ya tarar da lungu fayau. Da ya hau tsani ya duba rufin, babu dutse ko ɗaya. Robobinsa ne a watse a can sama.

Haka aka ci gaba. Da rana gida lafiya lau, sai inuwa ta fara tsawo. Daga nan a ji ana motsi a cikin shuke-shuke, kamar mutum yana bin layi a tsugune. Da safe a tarar an tuge tsiro, an zazzage ƙasa, an kife robobi ɗaya bayan ɗaya. Dashen da aka sha wahalar renonsa ya yi ta mutuwa a ƙasa da saiwarsa a waje. Mai-furanni ya ce akuya ce, ya gyara ƙofa. Ya ce hassadar abokan sana'a ce. Daga baya ya daina cewa komai.

Abin da ya fi tayar wa Mama da hankali shi ne muryar. Ba ta da ƙarfi, ba ta da faɗa. Murya ce ta mace, can ƙasa-ƙasa, irin ta uwar da ke kiran yaro ya shigo gida duhu ya yi. Ba a jin sunan da take kira, sai dai a ji kiran.

Sannan abin ya faɗa kan Auta.

Dariyar ce ta fara tafiya. Kaka ta tsokane ta, ta dube ta kamar baƙuwa. Ta daina cin abinci sai an ɗura mata. Da zarar rana ta faɗi, sai ta miƙe daga inda take, ta shiga cikin robobin a kan gwiwoyinta. Ta ɗauki wannan, ta leƙa, ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗauki waccan. Mai ƙasa a ciki ta tona da yatsu har faratanta suka tsage suna jini. In an riƙe ta, ƙarfin da ke jikinta ba na yarinya ba ne. An kai ta asibiti, an auna jini, an duba kai, an ce ba a ga komai ba, a ba ta hutu da abinci mai kyau. Ta dawo ta ci gaba da ramewa. Wuyanta ya yi tsawo, idanunta suka faɗa. Duk wanda ya shigo dubiya, in zai fita sai ya kauce wa idon Mama, ita kuwa ta san ma'anar wannan kaucewar.

Wata magariba Mama ta tsuguna kusa da ita a cikin ƙasar. "Auta, 'yar lelena, me kike nema? Faɗa wa Mamanki, mu taya ki."

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Ke ba ki san zafinsa ba," in ji ta, da muryar da ba tata ba.

Kaka ce ta ce a kira Malam. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, wanda ya tsufa yana karantarwa, ba ya ɗaga murya ko a kan yaro. Ya iso da la'asar sakaliya yana dogara sanda. Bai tambayi komai ba sai da ya zagaya tsakar gidan a hankali, ya dubi tarin robobin, ya tambayi inda aka samo su. Da aka gaya masa, sai ya ce a shimfiɗa tabarma a nan waje, a zaunar da yarinyar, uwarta ta riƙe ta.

Bayan an idar da sallar magariba ya zauna ya fara karatu. Iska ta tsaya cak. Ko ganye ɗaya ba ya motsi a cikin shuke-shuken. Ya yi ta karatu, muryarsa tana tafiya a hankali kamar ruwa a kwata, har jikin Auta ya fara rawa a hannun Mama. Bayanta ya sandare, kanta ya koma baya, bakinta ya buɗe.

"Sassauta, Malam." Muryar babbar mace ce, ta dushe kamar wadda ta daɗe tana kira. "Karatunka yana ƙona ni, amma an riga ka."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Uwa."

"Me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

Da ta fara amsawa, ba ta dubi kowa ba.

"A bishiyar nan aka haife ni, a cikinta na haihu. Ranar da suka zo da zarto, manyan 'ya'yana suka gudu da ƙafarsu. Ƙaramin bai fara tafiya ba. Na duba ko'ina, sai na ga robobin nan da mutane suka yar, ciki duhu, ciki bushe, babu mai waiwayarsu shekara da shekaru. Na ce nan babu wanda zai taɓa. Na kwantar da shi a cikin wata ƙarama, na rufa masa wata, na tafi neman inda za mu zauna. Da na dawo, wurin wayam. Na bi sawun taya har ƙofar gidan nan. Na iso daidai lokacin da ta ɗaga tukunyar."

Kaka ta rufe fuska da mayafi. Mai-furanni ya zame ya zauna a ƙasa.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba ta gan shi ba, ba ta san da shi ba. Kin san abin da kike yi mata zalunci ne, kuma akwai ranar da ni da ke za mu tsaya a tambaye mu."

"Ɗa a madadin ɗa."

"Ba ke za ki yanke wannan hukunci ba."

"Na sani." Kan Auta ya sunkuya. "Da ranta nake so, da tun ranar na ɗauka. Na bi robobin nan har na gaji, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya, idona ya kasa bambance su. Na ce idon da ya gan ta da hannun da ya taɓa ta za su gane ta. Shi ya sa na shiga. Ku ba ni robar da ɗana yake ciki in je in binne shi. Ku ba ni, in fita."

Mai-furanni ya miƙe da sauri. Ya shiga cikin tarin, ya zaɓo wata ƙarama mai ɗan lanƙwasa, ya zo ya tura wa matarsa a hannu. Ya sunkuya daidai kunnenta. "Maman Auta, ita da bakinta ta ce ba ta bambance su. Miƙa mata kawai."

Mama ta riƙe robar. Ta san ba ita ba ce. Ta san hannun da ya jefa waccan a buhu, ta san kurar da ta tafi da buhun. Ta dubi 'yarta, ƙashi da fata, numfashi yana fita da ƙyar. Miƙawa kawai za ta yi, a gama.

Sai hannuwan Auta suka ɗago. Suka miƙo a buɗe, ɗaya a sama kaɗan don tallabe kai, ɗaya a ƙasa, yadda mace take karɓar jariri.

Mama ta taɓa binne ɗa, tsakanin manyan da Auta. Ba ta taɓa zuwa inda yake kwance ba, amma ta san wurin, kuma sanin nan ne ya riƙe ta tsawon shekaru. A zuciyarta ta ga matar nan tana tona rami, tana kwantar da robar da babu komai a ciki, tana dawowa wurin tana zama. Hannunta ya ƙi miƙewa. Ta ajiye robar a ƙasa.

"Ba ita ba ce, 'yar'uwa," in ji ta. "Taki zafi ya murɗe ta. Ni na ɗaga ta, na ji nauyinta, na jefa a buhun fasassu. Da safe aka tafi da shi. An niƙa."

"Kin kashe mu," in ji Mai-furanni a hankali.

Jikin Auta ya ƙame. Numfashinta ya ɗauke. Sanyi ya bi hannuwanta har Mama ta ji shi a nata ƙashin. Duk robobin da ke tsakar gidan suka fara kaɗawa a inda suke, suna bugun juna. Malam ya ɗaga muryarsa da karatu, karo na farko da wani ya ji ya ɗaga ta. Mama ta ƙanƙame 'yarta tana kiran sunan Allah, tana jiran a fizge ta daga hannunta.

Kaɗawar ta lafa da kanta. Numfashi ya dawo, dogo, mai nauyi.

"In an niƙa," in ji muryar, "me ake yi da su?"

Mai-furanni ne ya daure ya amsa. "A narka. A yi bokiti, a yi kujera, a yi wasu robobin."

"To ina zan je in tsuguna in ce nan yake?"

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

"Da kin miƙo min waccan, da na karɓa," in ji ta ga Mama. "Da na yi godiya." Ta juya ga Malam. "Malam, ina roƙon abu ɗaya. Tun ranar nake son in yi kuka, mu kuwa ba a ba mu hawaye ba. Yarinyar nan tana da su. Ka bar ni in yi da idanunta."

"Zuwa kiran isha," in ji Malam. "Daga nan ki fita, ki rantse ba za ki dawo ba."

Ta rantse. Sannan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba ne, daga can cikin ciki yake fitowa, yana girgiza ƙaramin jikin kamar zai karya shi. Mama ta jawo ta ta kwantar a ƙirjinta, tana shafa bayanta, tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri," ba ta san ko wacce take rarrashi a cikinsu ba. Rigarta ta jiƙe. Duhu ya sauko ya rufe gidan, babu wanda ya tuna da kunna fitila.

Da kukan ya sassauta, Malam ya tambaye ta inda sauran 'ya'yanta suke. Ta ce a watse suke, a ramuka da kangaye. Aka daidaita cewa Mai-furanni zai kwashe duk robar da ta fito daga lambun nan, ya kai bayan gari gindin wata bishiya da ba ta da mai ita, ya kife su yadda ya same su, su zame musu mafaka. Jarinsa ne na shekara, amma bai yi musu ba, kai kawai ya gyaɗa.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Zan bar mata kukansa a kunne. Duk faɗuwar rana ta ji shi, ta san abin da hannunta ya yi."

"Ba a yi wannan da ke ba," in ji Malam. "Za ki fita ki bar ta yadda kika same ta."

"Sai wani ya ji shi tare da ni, Malam. Ba zai yiwu a ce ya zo duniya ya tafi, ni kaɗai na ji ba."

"Ba ni," in ji Mama.

Malam ya juyo. "Baiwar Allah, ba dole ba ne. Zan iya fitar da ita ba tare da wannan ba."

"Na sani, Malam. Amma yarinyar nan ko kiyashi ta taka sai ta kwana tana jimami. In ta san wannan ba za ta ƙara zama mutum ba. Ni na saba." Ta dubi fuskar 'yarta, ta yi wa wadda ke ciki magana. "Ki ba ni, ki shafe mata duka. Kada ta tuna komai."

Idanun suka daɗe a kanta. Sannan hannun Auta ya kamo wuyanta ya jawo ta, leɓɓa masu sanyi suka taɓa kunnenta. Babu wanda ya ji abin da aka zuba a ciki. Sun dai ga Mama ta runtse ido, ta cije leɓe har ya yi jini.

Daga nesa ladan ya fara kira.

"Na bar ku lafiya," in ji muryar. Jikin ya yi wata miƙa, ya saki gaba ɗaya. Iska mai sanyi ta ratsa shuke-shuken ta wuce ta kan katanga, ganyaye suka koma motsi.

Kaka ta lallaɓa ta kunna fitila. Malam ya tofa addu'a a ruwa aka shafa wa yarinyar a fuska. Can ta buɗe ido, idanunta na da, ta dubi sama, ta dubi mutanen da suka kewaye ta. Ta ce tana jin ƙishirwa. Ubanta ya kawo ruwa yana zubar da rabi a hanya, ta shanye tas, ta ce a ƙara.

Sai ta lura da fuskokinsu. Ta ga Kaka tana share ido, ta ga Malam a gidansu, ta taɓa nata kumatun ta ji su a jiƙe. Ta ɗago ta dubi uwarta, wadda ta dafe kunne ɗaya da tafin hannu, hawaye yana bin fuskarta.

"Mama, lafiya? Wani ne ya rasu?"

Mama ta gyara mata ɗankwali, ta ɗauki yatsun nan masu tsagaggun farata ta rufe su a cikin nata hannun don kada ta gani tukuna.

"Jaririn wata maƙwabciyarmu ne," in ji ta. "Ba ki san ta ba."